Jirin Mai Aski

…ai ba haka kawai ƙasa ke juya wa mutum ba. Shekara ashirin da biyu yana tsaye bayan kujerar askin nan, reza a hannu, ko tangaɗi bai taɓa yi ba. Sai yanzu? Sai da aka fara ba shi 'yar farar ƙwayar nan?

Ga shi zaune kan bencin masu jiran layi, a shagonsa, kamar baƙo. Matarsa ta ɗaure masa damtse da na'urar awon jini, abin na ta matse shi, idonta na kan lambobin, ba kan fuskarsa ba. Me take gani? Cizon leɓen na mene ne?

"Miƙe a hankali, Baban yara, in sake aunawa."

A hankali. Maganar likita ce wannan, sak. Likitan da ya ce ƙwayar za ta kashe muryoyin da ke kiransa daga cikin madubi, amma fa tana saukar da jini, in mutum ya zabura ya miƙe sai jiri ya kwashe shi. Wa likitan yake kallo da yake faɗa? Ita. Ba shi mai ciwon ba — ita. Har da 'yar dariya. Yaushe suka saba haka?

Ran Talata… ya sunkuya ɗaukar mataji, ya ɗago, duhu ya rufe shi. Ya farfaɗo kumatunsa a kan tarin gashi, direban da yake yi wa gyaran fuska na tsaye dafe da wuya, jini tsakanin yatsunsa, yana ta faman "Ba komai, ɗan ƙwarzane ne." Ba komai? To ai bai sake dawowa aski ba. Reza ma ta ɓace daga aljihun tebur. Ita ta ɗauke. Ko ƙaninta, wanda ya daɗe yana cewa shagon nan ya fi kyau da sayar da waya…

Yana miƙewa. Bango ya karkata, ya dawo. Tana rubutawa: a zaune ɗari da ashirin, a tsaye casa'in. Wai likita za ta kai wa, ya rage ko ya sauya. Wai. In kuma shaida ake tarawa fa, a ce ya kasa riƙe kansa, a karɓe makulli?

Ya daina sha mana! Wa ya isa ya—

Sai bara ta faɗo masa a rai, lokacin da muryoyin suka ci ƙarfinsa. Madubi lulluɓe da zani, ƙofa garƙame ta ciki, kwana biyu ba ci, 'yarsu a waje tana kuka tana "Baba, ni ce fa," shi kuwa ya rantse ba muryarta ba ce. Ko kokwanto bai yi ba. Wancan karon ma haka abin ya faro, da lissafin wa ke kallon wa…

Tana riƙe da gwiwar hannunsa. Hannunta rawa yake. Mai shirya makirci hannunsa na rawa? Ƙila. Ina zai sani?

"Ka sha ta safe?"

"Na sha."

Ƙwayar na cikin tafinsa na hagu, gumi ya fara narka ta. Ta dubi dunƙulallen hannun, ta daɗe, ta kau da kai, ta tsiyaya ruwa a kofi ta ajiye gefensa.

Wani abu na ce masa kada ya buɗe hannun. Ya kasa kunne, ya sake kasawa… wallahi ya rasa ko shi ne ke maganar, ko muryoyin nan ne.