Ƙafafun Mai Gurnani

A tsakar gidan su Surayya da ke Agege, tsakanin rijiya da igiyar shanya, akwai wata mota da ta girmi kowa a gidan in ka cire Alhaja Fatsuma. Motar Amurka ce ta shekarun saba'in, ja wur, mai dogon hanci da ƙofa biyu kacal. Marigayi Alu, kakan Surayya, shi ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, ya raɗa mata suna Mai Gurnani, don in ya tayar da ita sai tantabarun unguwa sun watse. A cikinta aka kawo Alhaja gidan nan tana amarya. Tun da Alu ya rasu take kwance ƙarƙashin tamfol, kaji na yi mata ƙwai a kujerar baya.

Surayya ta taso tana ɓuya a cikinta duk ranar da aka ɓata mata rai. Da aka sa ranar aurenta da Haidar, abu ɗaya ta roƙa, ba gwal ba, ba leshi ba: a kai ta ɗakinta a motar da ta kawo kakarta, kuma kakar na zaune a gefenta.

Kawunta Faruk, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan akwalar? Ke dai Surayya karatun littattafai ya ɓata ki. Ku ji ni da kyau, a filin nan za a kafa rumfar biki. In ta fita da ƙafarta kafin ranar, fine, Allah ya raka taki gona. In ba ta fita ba, 'yan gwangwan za su fitar da ita gunduwa-gunduwa."

Haidar Bazazzagi ne, bai daɗe a Legas ba, fitilun sola yake sayarwa a kasuwar Alaba. Bai san komai game da mota ba. Amma ya ga yadda idon Surayya ya ciko da ta ji an ce gunduwa-gunduwa, kuma tun daga lokacin zuciyarsa ta ƙi zama wuri ɗaya. Ya ɗauko abokinsa Yusha'u makanike, suka yaye tamfol.

Abin mamaki, injin bai ba su wahala sosai ba. Ranar da ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka bazama, Alhaja ta fito bakin ƙofarta da carbi a hannu ta tsaya tana kallon motar. Surayya kuwa kuka ta fashe da shi tana dariya a lokaci guda.

Sai Yusha'u ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana karkaɗe hannu.

"Ango, zuciya lafiya lau. Gwiwoyi ne babu."

Ya nuna masa. Ƙarfen da ke riƙe da kowace tayar gaba yana da rami biyu a inda ya haɗu da jikin mota, kuma a kowane rami akwai wata dunƙulalliyar roba da ake kira bushin, ita ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Na Mai Gurnani duka huɗun sun rududduge kamar tsohon ƙuli-ƙuli, ko guda ba ta rage da za a kai kasuwa a ce ga irinta ba.

"In muka hau titi a haka," in ji Yusha'u, "ramin titi na farko da muka faɗa, tayar za ta yi Oshodi, amarya ta yi Mile 12."

Suka kwance ƙarfen ɗaya, Haidar ya saɓa shi a kafaɗa kamar ƙafar saniya, suka shiga danfo, bas ɗin haya ta Legas, zuwa kasuwar kayan mota ta Ladipo. Shago bayan shago ana zazzage musu buhunan roba. Wata ta yi tsawo, wata ta yi siriri, wata ko bakin ramin ba ta shiga. Wani ɗan kasuwa ya juya ƙarfen ya ce, "Oga, this one na motor abi na train?" Daga nan Haidar ya nemo sunan motar da shekararta a waya, ya sa aka aiko masa da na asali daga Amurka. Ya yi ta jira yana duba wayarsa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da kwalin ya iso, robobin sun yi kyau har suna ƙyalli, amma da Yusha'u ya zura ɗaya sai ta faɗo ta ɗaya gefen, kamar an sa wa jaririya zoben uwarta. Suka gwada na ƙarshe: wani mai faci ya yanka musu daidai ramin daga tsohuwar tayar mota. Ta shiga tsaf, amma ana sauke motar daga jak nauyin injin ya matse ta, ta tsattsage ta leƙo waje.

Biki ya matso har an fara rabon anko. Wata rana da la'asar Surayya ta same shi zaune a kan bokiti kusa da motar, hannunsa baƙi ƙirin da man inji.

"Haidar, ka bari haka nan," ta ce a hankali. "Ko a keke napep aka kai ni, ai wurinka za a kai ni."

"Kin faɗa ne don kin ga na gaji."

"Na faɗa ne don na ga ka rame. Mutane za su ce tun ban shiga ba na fara horar da kai."

Ya yi murmushi, amma ya lura ba ta yarda ta kalli motar ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya wanke hannu ya ce zai shiga ya faɗa wa Alhaja da bakinsa, don ita ma ta sa rai, har ta sa an wanke mata mayafin da ta lulluɓa da shi ranar nata auren.

Alhaja na zaune a bakin tsohon gadonta na ƙarfe mai rumfa. Haidar ya cire takalmi, ya yi sallama, ya zube a ƙasa kan leda ya sunkuyar da kai.

"Kai ɗan Zariya, ga kujera nan," in ji ta. "Nan Legas ne, ba a zaman ƙasa sai an sha kaye."

"Nan ma ya isa, Alhaja."

"Kullum haka. Tun da ka fara zuwa gidan nan ban san kalar idonka ba. Surayya, anya mijin nan namu yana da fuska kuwa?"

Surayya ta yi dariya daga bakin ƙofa. Haidar bai ɗago ba. A gidansu ba a kallon idon surukai, balle ranar da mutum ya zo da labari marar daɗi. Ya kafa idonsa a ƙasa, ya fara bayani: an je Ladipo, an aiko daga Amurka, an yanka ta taya. Yana magana yana kallon ƙafar gadon da ke gabansa, don nan ne kawai idonsa ke da izinin sauka. Sai ya katse maganar, ya ƙura ido.

Ƙafar gadon ba a kan leda take ba. Tana zaune ne cikin wata baƙar roba dunƙulalliya, mai kauri, mai kafaɗa a gefe ɗaya, da guntun bututun ƙarfe a tsakiyarta. Ya karkata kai kaɗan. Ta biyun ma haka. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashin gadon. Huɗu ne.

"La'ilaha illallahu!" Alhaja ta janye ƙafafunta. "Yau kunyar ce ta kai ka ƙarƙashin gadona?"

"Alhaja, don Allah, waɗannan robobin daga ina?"

Ta leƙa, ta yi tsaki mai taushi. "Waɗannan? Na kakanku ne. Shekarar da aka haifi Faruk ruwa ya shigo ɗakin nan, ƙafar gado ta fara tsatsa, sai ya ɗebo su a but ɗin mota ya sa mini. Ya ce na ajiya ne, in ya tashi buƙata zai karɓi abinsa. Bai karɓa ba."

Daga nan labarin ya zubo. Ta ce robar Turawan ba ta jure titin Agege ba, kullum cikin yagewa take. Sai Alu ya kai motar Apapa wurin abokansa direbobin tanka, aka buɗa ramukan suka ƙara faɗi, aka sassaƙa masa roba daga tayar motar ɗaga kaya ta cikin tashar jirgin ruwa, irin wadda ba a hura mata iska, roba ce zalla har ciki.

"Ya dawo yana ta fankama, wai ya yi wa Baturiya ƙafar 'yan Agege. Ni ina na san ita kuke nema? Kullum sai ku ce bushin, bushin, na ɗauka wani inji ne."

Suka ɗaga gadon, Haidar da Yusha'u, aka zare ɗaya aka sa bulo a madadinta. Alhaja na ta faɗa wai za su karya mata gadon aure. A tsakar gida Yusha'u ya ɗora robar a bakin ramin, ya buga da guduma sau ɗaya. Ta zauna daram, kamar jiya aka cire ta.

Ta tsufa da yawa a hau titi da ita, amma yanzu akwai abin nunawa. Washegari Haidar ya ratsa layin tireloli na Apapa a kan babur ɗin haya, robar na aljihun gabansa yana dafe da ita. A bayan wani garejin tanka ya sami masu sassaƙa irinta har yanzu. Suka juya ta, suka auna, suka yanko masa huɗu sababbi masu warin taya.

Ranar kai amarya, bayan an idar da sallar la'asar, Mai Gurnani ta fita daga gidan da ƙafarta. Kawu Faruk da kansa ya buɗe get, yana cewa a yi a hankali kada a goge masa fenti, kamar ba shi ne mai kiran 'yan gwangwan ba. Sai da aka kwantar da kujerar gaba aka tura Alhaja baya da kyar, tana cewa da can ƙofar nan ta fi haka faɗi. Surayya ta shiga gefenta a lulluɓe, Yusha'u ya kama sitiyari, motocin ƙawaye suka biyo baya suna oda.

Da suka iso inda titi ya haye layin dogo, kowa ya kasa kunne. Tayoyin gaba suka hau ƙarfen, suka sauka. Ko ƙwas ba a ji ba, sai gurnanin injin kawai.

Alhaja ta lalubo hannun jikarta a ƙarƙashin mayafi, ta damƙa mata wani ƙulli mai nauyi a tsohon ɗankwali. Surayya ta shafa, ta ji dunƙule huɗu.

"Alhaja, gadonki fa?"

"Bulo ya ishe ni. An ce unguwar taku ma ruwa na shiga. Ki ba ɗan Zariya ya sa miki a ƙafar gado, tunda shi dai ƙasa yake kallo."

Surayya ta rungume ƙullin a ƙirjinta, hawaye na ɗiga a kan lallenta. Can gaba, a ƙofar wani gida mai sabon fenti, Haidar na tsaye cikin abokansa da farar shadda, ya jiyo gurnanin tun motar ba ta shawo kwana ba, kuma wannan karon kansa a ɗage yake.