Gonar da Ba Ta Wanka

Tun da aka ɗauko Kaka daga ƙauye aka ajiye shi a ɗakin baƙi, ya daina cin abinci. Ƙafafunsa sun ƙi, ba zai sake taka gonarsa ba, kuma ya sani. Sai ya juya wa kwano baya, ya fuskanci bango.

Jikarsa mai zane ce, ita ke yi wa shaguna alluna. Ta ce tun da bango yake kallo, bari ta sa masa gonar a bangon. Ta zana ta da ka: kunyoyi a miƙe, ganye shar, sama fes. Ƙaryar masu zane ke nan, su wanke abu har mai shi ya kasa gane shi.

Kaka ya duba. "Amarya, gonar wa kika sato?"

"Taka ce, tsoho."

"Tawa ba ta taɓa wanka ba. Ɗauke."

Ta ji haushi, amma ta ga kwanon yana nan yadda aka kawo shi. Washegari ta hau mota ta tafi ƙauyen. Ta zauna a gindin bishiyar tsakiyar gonar, ta yi shiru har ƙadangaru suka manta da ita. Sannan ta fara gani. Ga suri a kusurwa, gefensa ya zube. Jerin tururuwa na jan fiffiken fara. Kunya ɗaya ta karkace don ta kauce wa dutse. A tsakanin saiwoyi kuma ga fasasshen kaskon da marigayiya kakarta ke zuba wa tsuntsaye ruwa. Ruwan sama ya cika shi, busasshen ganye na yawo a kai. Ba ta gyara komai ba. Har ciyawar da ta ci gefen surin ta zana.

Da ta jingina sabon zanen a bango, Kaka ya ƙura masa ido. Ya miƙa yatsa ya taɓa kaskon.

"Akwai ruwa a ciki?"

"Cike yake."

Ya gyaɗa kai. Can sai ya ɓata fuska. "Dubi ciyawa! Wane raggo aka bar wa gonar nan?"

"Baffa ne, ɗanka na cikinka."

"Kira min shi. Ke kuma miƙo kwanon nan, ba zan iya yi masa faɗa cikina ba komai ba."