Wutsiyar da ke Ƙarƙashin Haƙuri

Tun da mahaifinsa ya rasu, Nuhu bai taɓa buroshi ba. Tsohon ne ya rubuta sunayen rabin motocin tashar Dogon Dutsi da hannu. Shi kuwa inji ya saya, yana yanko haruffa a leda yana liƙawa.

Ranar Laraba sai ga Bilal direba ya tsayar da motarsa a ƙofar shago. Wata biyu ke nan da ya sake mata fenti, Nuhu ya liƙa masa "Haƙuri" da siraran haruffa masu tsabta. Yanzu so yake a ɓamɓare.

Ya ce akwai wata tsohuwa, Ajuma, a rugar da ke hanyar Dogon Kiriya. Kowane wata yana kawo ta likita ta karɓi maganin hawan jini. Idonta ya yi rauni, ba ta gane fuska, kuma ba ta shiga motar da ba ta sani ba. Tsohon baƙin rubutun nan mai kauri na mahaifin Nuhu take hange daga gindin adua, da wutsiyar da ta zagayo ƙarƙashinsa. Sau biyu ya tsaya, ta juya. Ya bi ta da ƙafa, ta ce ba shi ba ne.

"Maganinta ya ƙare, ɗan Malam. In kana iyawa, ka yi. In ba ka iyawa, hwaɗa mini."

Nuhu ya buɗe ordinata, wato kwamfuta, ya zaɓo rubutun buroshi mafi kauri, irin wanda yake sa wa masu gasa nama da allunan biki. Ya cika ido, har da ɗan karce a bakin kowane harafi. Bilal ya leƙa ya girgiza kai. Wutsiyar ta yi gajarta. Suka ja ta da inji, ta miƙe kamar sanda.

Nuhu ya shiga ɗaki ya ciro gwangwanin buroshin tsohon. Gashin buroshin ya daskare, sai da ya jiƙa shi da kananzir. Ya gwada a kwali sau biyar, kullum hannunsa na ƙarewa kafin wutsiyar ta kai. A na shida ya tuna takun silifa a kan yashi. Mahaifinsa ba ya miƙa hannu. Danna buroshin yake yi, ya taka da baya, taku biyu, yana jan fentin da jikinsa duka.

Haka ya yi a jikin motar. Layin ya ɗan karkace a tsakiya. Bai gyara ba.

Ran Asabar ya bi Bilal. Suka tsaya daura da aduar, aka kashe mota. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, tafin hannu a goshi. Sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta taho a hankali. Ta sa yatsa ta bi wutsiyar har ƙarshe.

Ta tambayi Bilal inda ya shiga kwana da kwanaki. Nuhu ya sauko ya ba ta gidan gaba.