Liƙi a Jiƙaƙƙen Goshi

Tankari ɗan Maraɗi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, amma shi ne ya tashi da rana tsaka zai kafa gasar ninƙaya ta ƙwararru a ƙasar Hausa. Tunda ya ga wata gasa a talabijin ɗin masaukinsa a Guangzhou kansa ya ɗau zafi. Ƙungiyar Kano, ta Maraɗi, ta Yamai, a yi ta karawa kamar kokawa, da makaɗa da maroƙa. Har ya sayi hulunan roba da tabarau na ruwa kwali-kwali, ya jibge a shagon wani ɗan China a unguwar Liwan. Saura wurin loda su, kuma kwantenar da za ta tashi a satin ta Hajiya Ummu Salma ce, 'yar Kano mai fataucin labule. In ta hana shi gefe a cikinta, kayan sun kwanta masa ke nan.

Ya tare ta bayan Juma'a a bakin Masallacin Huaisheng.

"Bon, Hajiya, wagga harka ta gobe ce. Alhazai su taho su yi liƙi, maroƙa su kira sunansu, mu kuma mu ci namu rabo a ƙofa."

"Ni ba na shiga abin da ban gani ba," in ji Hajiya. "Kai ni in kalla."

Washegari ya kai ta wani wurin iyo inda ƙungiyoyin matasa ke gasa. Hajiya ta zauna, ta gyara mayafi, ta ciro dabino daga jaka. Aka busa usur, samari suka faɗa ruwa. Kafin ta tofar da ƙwallon dabinon farko, an gama.

"Shi ke nan?" ta ce. "To wa ya ci? Duk kawunan iri ɗaya ne. Kuma wa za a yi wa kiɗa, mutum kunnensa a cikin ruwa?"

Tankari ya san muryar Hajiya in za ta ce a'a. Sai ya ga gara ya nuna mata da kansa. Ya sauka bakin ruwan da shaddarsa mai sitaci, ya nufi dogon saurayin da ya ci gasar, yana zuba masa kirari irin na 'yan kokawa. Ya zaro sabuwar takardar kuɗi ya manna masa a goshi.

A gida gumi ke riƙe liƙi. Ruwa kuwa bai san wannan aikin ba. Takardar ta sulale ta kan hancin saurayin ta faɗa cikin tafkin. Bawan Allah ya kalle ta, ya kalli Tankari, ya yi tsalle ya tsamo ta. Ya fito ya miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, don a zatonsa faɗuwa ta yi. Tankari ya sake ɗaga hannu zai manna, saurayin ya ja da baya yana kare goshinsa, kocinsa ya taho da sauri yana yarfa hannu.

Hajiya ta yi dariya har sai da ta dafe kujera.

"Haba Tankari," ta ce tana share hawaye. "Wane Alhaji ne zai yarda a mayar masa da liƙinsa a gaban jama'a? Ai ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai sake zuwa ba."

Nan take ta kira mai yi mata lodi, ta ce ya cike gefen da labule.

Abin ya yi wa Tankari ciwo ƙwarai. Yana tsaye da jiƙaƙƙiyar takarda a hannu ya kira mai shagon Liwan, ya ce masa laoban, wato maigida, sau uku da murya mai taushi, ya tambaya ko akwai hanyar mayar da kaya.

"Meiyou," in ji mai shagon, wato babu, ya kashe wayar.