Tokar Leobardo

Anselmo ya shigo falon da burushi da ɗan akwati a hannu, sai ya tarar Doña Eufrosina ta ja kujera ta tare gicciyen farar ƙasa da aka zana a daɓen gidan a madadin gawa, bisa al'adarsu, tun ranar da ɗanta Leobardo ya rasu. Yau kwana tara, ranar da za a share gicciyen a zuba a akwati a kai shi maƙabarta. Maƙwabta sun cika gidan, tamale, wani irin alalar masara, na ta huci a kicin, amma tsohuwar ta ce ba mai taɓa shi.

Tun daga Oaxaca, can ƙasarsu, ta zo ganin gawar ɗanta, wanda zafin rana ya kayar a gonar inabi kusa da Fresno. Kafin ta iso an riga an ƙona gawar. Tulun toka aka miƙa mata.

Fada, limamin cocinsu, ya yi tafiya, shi ya sa aka turo Anselmo, mai gyaran rufin gidaje, wanda bai daɗe da shiga ajin koyon rukunan bangaskiya na coci ba.

"Kai ne sabon malamin?" in ji ta. "Jiya kana bisa rufi, yau kana bisa mumbari."

"Ɗalibi dai, Mama."

"To ɗalibi, faɗa min. Ran tashin matattu me zai tashi? Toka? In kun share wannan, ban da sauran komai nasa."

Anselmo ya jero mata abin da ya haddace a aji, tiryan-tiryan. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Wannan na iya shi tun uwarka na goye. Ɗana nake tambayarka."

Ya ajiye akwatin, ya durƙusa gabanta.

"Mama, kakanninmu da ke kwance a ƙauye, yanzu mene ne su?"

"Ƙasa."

"Za su tashi?"

Ta harare shi. "Wa zai hana su?"

"To wuta sauri kawai ta yi. Abin da kabari ke yi a hankali, shi ta yi a yini ɗaya. Wanda ya yi mutum da turɓaya tun farko ba zai rasa inda Leobardo yake ba. Yesu ma da jikinsa ya tashi, har aka taɓa tabon ƙusa."

Sai ta sassauta murya.

"Ɗana yana da tabo a haɓa. Jaki ne ya harbe shi. Zan gane shi?"

"Za ki gane shi, Mama. Ko tabon zai kasance, wannan ban sani ba. Ran Asabar zan tambayo miki a aji."

Can ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta janye kujerar da kanta.

"Fara daga wajen kai," ta ce. "A hankali. Tun yana yaro ba ya son a taɓa masa kai da ƙarfi."