Jigon Madam Sahura

Ranar da tsoho Illo ya nemi gugansa ya rasa, ya rantse karatun Rahina ya ƙare. Dama ya gaji. Tun da jikar tasa ta shiga kolej ɗin Dumega, kullum sai ta dawo da laka har gwiwar hannu. Wancan mako wai allon yumɓu suka yi irin na mutanen da, suka tsaga masa rubutu da tsinke. Yau kuma guga da igiya sun bi ta lakwal, makarantar tasu.

"In wasan laka ne karatu, albasata ta fi buƙatar hannunta," ya ce, ya saɓa sanda. Kowa ya san Illo, in ya hau dokin zuciya sai dai a ba shi hanya.

A bayan aji ya iske su. Yara sun fi hamsin, sun kewaye wani rami da aka binne rabin tano, wato gangar ƙarfe, cike da ruwa. Malamarsu ta tarihi, Madam Sahura, ta tuɓe takalma, laka har goshi, littafi a hammata.

"Madam, na zo in tafi da ɗiyata, ba kuma za ta dawo ba," in ji Illo.

Bai rufe baki ba idonsa ya faɗa kan abin da suka kafa. Gwafa biyu, doguwar sanda a gicciye, curin laka a gindinta, ga gugansa yana lilo a ɗaya bakin. Yara uku na ta kokawar ɗago shi, ruwa na zuba musu a ƙafa.

"Subhanallahi! Wa ya ɗaure wanga jigo a tsakiya?"

"Ni ce, Baba," in ji Madam. "Abin ban-ruwa ne na mutanen Masar na da. Kwana uku muna fama, ya ƙi mu. Ka san shi?"

Ya san shi! Shekara arba'in yana shayar da lambu da jigo, kafin 'ya'yansa su sayo inji su fasa nasa su yi makamashi, suna dariya wai kayan ƙauyanci.

Wata malamar da sai ta kare girmanta. Ita kuwa baiwar Allah, sai ta rufe littafi ta ce, "Yara, a matsa. Malami ya zo."

Illo ya jefar da sanda. Ya kwance ɗaurin, ya mayar da shi kusa da gindi, ya sa aka ƙara laka har ya ce ta isa. Sai ya daka wa wani yaro tsawa. "Kai mai ƙaton kai, ba a jan guga sama! Ƙasa ake danna shi, lakar ita ke ɗagowa." Rahina ta danna igiya, ta sassauta. Guga ya taso cike, kamar mai jin kira. Yara suka kaure da ihu, Madam ta fi kowa tsalle.

Sannan ta buɗe masa littafin. Ga wani mutum baƙi siriri, ya sunkuya riƙe da igiyar jigo. Ta ce a bangon kabari aka zana shi, shekara fiye da dubu uku ke nan. Illo ya daɗe yana kallo. Ashe abin da aka ƙone masa yana cikin littafi.

"Wanga ya iya," ya ce a hankali. "Dubi inda ya aje ƙafa."

Rahina ta matso, jaka a kafaɗa, ido ya cika da ƙwalla. "Kaka, na shirya. Mu tafi?"

"Ki tafi ina, 'yar nema? Madam, mi ne sunan mutumen ga?"

"Ba a rubuta ba, Baba. Ba wanda ya sani."

Illo ya cire jakar daga kafaɗar Rahina, ya miƙa wa malamar.

"To ta zamna nan har ta gano mini shi. Abokin sana'ata ne."