Motar Warwick Ba Ta Taka Ƙasa

Warwick Pettigrew, kansilanmu, mutum ne da ko rake ya sha sai ya kira 'yan jarida. Shi ya soke bas ɗin direba Col, wadda muka girma muna shiga, ya kawo mana wasu farare, motocin haya marasa direba. Ka kira da waya, ta kwaso ka tare da duk wanda hanyarku ta zo ɗaya. Wai ci gaba. Ci gaban mai haƙan rijiya dai.

Abin da bai tsaya ya tambaya ba shi ne, motar iyakarta kwalta. Mahaifiyarsa Noeleen kuwa can bayan gonakin rake take, hanyar jar ƙasa, kuma duk Alhamis sai an yi mata wankin ƙoda a asibiti. Idan ta rasa layinta, jikinta kumbura yake yi. A da, Col har ƙofar gida yake zuwar mata.

Warwick ya sa bikin buɗewa ranar Alhamis, don a ga uwarsa ce fasinjar farko. Muka taru gaban ofishin gari, rana na dukanmu, shi yana ta zuba kamar kanya. Mota ta iso, aka tafa. Ya buɗe ƙofa da murmushin hoto.

"Jama'a, ga mahaifiyata!"

Wayam. Ashe motar ta je bakin kwalta, ta ɗan jira, ta juyo abinta. Tsohuwa na can tana jan ƙafa da sanda cikin rana. Raina ya ɓaci.

Yana cikin kame-kame sai ga tsohuwar akori-kurar Col, ta yi buɗu-buɗu, za ta wuce asibiti. Noeleen na gaba, fuska a kumbure. Ta sa Col ya tsaya.

Warwick ya rugo. "Mama, 'yar matsala ce ta na'ura, yanzu za a..."

"Rufe mini baki, ɗan nan," in ji ta. "Na'urar lafiyarta ƙalau, kai ta biyo. Ta zo bakin hanyata, ta ga za ta ɓata takalmi, ta koma." Ta juya. "Col, ja mu je, kada su ba wani gadona."